Bluma Biyu a Ɗaki Ɗaya

Laifin Zalman ne, kuma har ya tsufa bai yarda ba. Mutum ya yi wata da watanni yana neman yarinya, bai taɓa tambayarta sunanta ba! Ina aka taɓa yin haka?

Amma bari in yi masa adalci. A masaƙar da nake aiki, cikin geto na Lodz inda Jamusawa suka tattara mu Yahudawa suka zagaye da wayar ƙaya, ba mai kirana da ainihin sunana. Barkono ake ce mini, don gashina ja ne, bakina kuma ya fi gashin zafi. Karan alkama muke kitsawa muna yin manyan takalma, wai don kada sanyi ya cinye yatsun sojojinsu. Namu yatsun kuwa ko oho.

Zalman ne ke kawo mana romon rana. Dawakai sun ƙare, to mutane ke jan amalanke, shi da abokin aikinsa su ɗaura igiya a ƙirji su jawo garwar romo tun daga madafa. Dogo ne siriri, ga kunnuwa kamar marfin tukunya. Na lura duk sanda layi ya zo kaina sai ya yi wa mai rabo tari, ita kuma ta nutsa ludayi har ƙasa inda dankalin yake kwance. Na yi kamar ban gani ba. Rannan sai ya miƙo mini wani abu ƙunshe a hankici, ya juya da sauri har yana tuntuɓe da igiyarsa. Na buɗe, albasa ce guda, lafiyayya, ba ruɓa ko kaɗan.

Matan masaƙa suka ɗauki shewa. Wata ta ce, "Barkono, wannan ai ya gama magana. Mijina da ya aure ni lokacin da ake cikin daula ma bai ba ni kamar wannan ba."

Na kai albasar gida wurin babana Getsel, mai gyaran takalma. Mu biyu muka rage, uwata ta rasu a sanyin farko da aka rufe mu. Baba ya juya ta a hannu, ya sansana, ya ce, "Ko dai yaron nan mahaukaci ne, ko yana sonki. Kowanne ne dai, ki kama shi da kyau."

Ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Ina sonsa har in na ji ƙarar amalanke gabana sai ya faɗi, ko da ta masu kwasar shara ce.

Aka sa ranar baiko a ɗakin uwarsa. Gwauruwa ce gajera mai ƙarfin hannu, a da kifin gishiri take sayarwa a kasuwa, muryarta ma ta kasuwa ce. Zalman Mama yake ce mata, maƙwabta kuma Maman Zalman. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta matsa damtsena, ta ce, "Ba laifi. Akwai ƙashi." Ta sauko da faranti na tangaran da ya riga ya tsage, ta naɗe shi a tsumma, don shi za ta fasa in an gama magana kamar yadda ake yi. Reb Anshel, tsohon malamin gidan, ya zauna a bakin gado yana tattaro kunnensa da hannu, don ji ya fara yi masa nauyi.

Ya ce, "To, sunan ango?"

"Zalman ɗan Mendel Lerer."

"Sunan amarya fa?"

Baba ya gyara murya. "Bluma."

Maman Zalman ta ce, "Na'am?"

Baba ya ce, "A'a, 'yata nake faɗa. Bluma."

Ta dube ni, ta dubi ɗanta. A hankali ta warware tsumman, ta mai da farantin inda ta ɗauko shi, ta goge hannunta a gaban riga. Ta ce, "Zalman, kai wane irin jaki na haifa?"

"Mama, ni Barkono na sani!"

A al'adarmu kowa ya san namiji ba ya auren mace mai sunan uwarsa. Tambayar farko ke nan da mai dalilin aure ke yi tun kafin a zo kan sadaki, amma mu da muka haɗa kanmu a layin romo wa zai yi mana ita? Reb Anshel ya ɗaga hannu ya ce kada a ta da hankali, abin yana da magani. Ɗayarmu ta sake suna a gaban Attaura, a yi wata guda ana kiranta da sabon har ya kama, sai a ɗaura aure.

Uwar ta ce, "Madalla. Yarinya, zaɓi wanda kike so."

Na ce, "Ni?"

"Da wa? Shekara sittin ina amsa shi. Ke yaushe kika zo duniya?"

Ai kuwa barkonon ya tashi. Na ce mata sunan kakata ne, uwata ce ta sa mini, kuma shi ne kalmar ƙarshe da ta fita daga bakinta. An karɓe mana gida, an karɓe keken ɗinkin uwata, an karɓe har zoben hannunta, to wannan kam ba mai karɓa. Ta ce ita ma ba a kasuwa ta tsinci nata ba. Baba ya ja hannuna muka fito, yana cewa, "Sannu-sannu dai, Maman Zalman, za mu sake zama." Ta ce, "Ku sake zama a ɗakinku."

Kafin gari ya waye zancen ya gama gidan haya duka, ya tsallaka titi. Mutanen da yunwa ta hana su dariya suka samu abin yi. Matan bene na sama suna bayan tsohuwa, 'yan masaƙarmu suna bayana. A layin famfo har an kusa ba hammata iska saboda mu. Baba kuwa kullum da sabon suna yake tashi.

"Me za ki ce da Shprintsa?"

"Baba, atishawa ce wannan."

"To Yenta?"

"Allah ya kiyaye!"

"Ke dai ki zaɓa, ni Barkono zan ci gaba da ce miki. Shi ma angon haka. Wa ma ke kiranki da Bluma a duniyar nan?"

Na ce, "Ni nake kiran kaina."

Zalman ne ya shiga uku. Ba zai yi aure ba da albarkar uwarsa ba, ni ma ba zan so ya yi ba, kuma ba zai rabu da ni ba. Ya zo wurina ya zauna ya yi tagumi, ya koma wurinta ya yi tagumi. Duk zuwan da zai yi sai ya ciro gutsuren burodi daga aljihu ya ajiye mini, ya ce a madafa ana ba su ƙari, shi ya ƙoshi. Ni kuwa sakarai na yarda, nakan raba da Baba mu ci muna sa masa albarka.

Ran nan da tsakar rana garwar romo ba ta iso ba. Sai ga abokin aikinsa da gudu, ya ce Zalman ya yanke jiki ya faɗi a cikin igiya, sun ɗora shi a kan amalanken sun kai shi gida. Ban ma nemi izinin shugaban aiki ba, na zubar da karan na ruga.

Na same shi kwance, idanu sun zurma, uwarsa tana ɗiga masa ruwan ɗumi da cokali. Ko kallona ba ta yi ba. Tana ta faɗa ita kaɗai: "Yaron da ake ba ƙari a madafa, har yana kawo mini rabin burodinsa kullum, me zai kayar da shi?"

Na ce, "Ke yake kawo wa rabi?"

"Da wa zai kai wa?"

"To ni ma rabi yake kawo mini."

Cokalin ya tsaya a hannunta. Muka juya gaba ɗaya muka dube shi. Ya rufe ido ya yi kamar ya sake suma.

"Buɗe idonka, maƙaryaci!" in ji ta.

"Rabi da rabi, kai kuma me kake ci?" in ji ni. "Iska?"

Tunda aka halicce shi ba a taɓa yi masa faɗa irin na ranar ba. In ta gaji in karɓa, in na tsaya shan numfashi ta ɗora. Shi kuwa sai murmushi yake yi, wai karon farko ke nan da ya ji bakinmu ya zo ɗaya. Ta kawo ragowar burodinta, na zaro wanda ke aljihuna, muka jiƙa a ruwan zafi muna ɗura masa, muna rigimar wa ta fi iya riƙe cokali. Da ya ci barci ya ɗauke shi.

Muka zauna a bakin gado. Can na ce, "Mama, ki duba fa. Ke Mama yake ce miki, ni Barkono. Ba ranar da zai kira ɗaya, ɗayar ta amsa. Mece ce matsalar?"

Ta daɗe tana gyara masa bargo. Da ta yi magana, muryar kasuwar nan babu ita.

"Ke yarinya ce. Ba kira nake ji ba. Mu ba ma sa wa jariri sunan mai rai, sai na wanda ya tafi, kuma ba 'yar da ke cin sunan uwarta tana raye. In ke Bluma ce, 'yarki ba za ta zama Bluma ba. Biyar na haifa, wannan dogon banzan kaɗai ya rage mini. In na mutu wa zai ci sunana? Shi ke nan, kamar ban taɓa zuwa ba."

Tausayinta ya kama ni, kunyar kaina ma ta kama ni. Sai na ɗauki kwanon na je famfo na wanke.

Ran Alhamis da sassafe, ranar da ake fito da Attaura, na ce wa Baba ya raka ni ɗakin addu'a. An hana taron ibada, to a wani ɗakin ajiyar itace a bayan gida ake haɗuwa, mutum goma in an samu. A hanya na gaya masa na yanke shawara, zan saki sunan. Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Uwarki ba za ta yi fushi ba. Ita ma taurin kanta na kwana uku ne." Ya share ido da hula, ya ƙara da cewa har yanzu Shprintsa na nan ba wanda ya ɗauka.

Muna shan kwana, wa zan gani a bakin ƙofar? Maman Zalman, da ɗankwalinta na Asabar, ranar ibadarmu, ta riƙe hannun rigar Reb Anshel tana yi masa ihu a kunne.

Ta gan ni ta ce, "Me kika zo yi?"

"Na zo in sake suna."

"Kin makara. Ni na riga ki."

"Mama, ai ni ya kamata. Ni ce ƙarama."

"Shi ya sa za ki yi shiru in manya na magana."

"Ba ke kika ce shekara sittin kina amsa shi ba?"

"Eh, na gaji da shi! Ina ruwanki?"

Reb Anshel ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa Baba, "Getsel, kunnena ne ko kuwa? Makon jiya ba mai bayarwa, yau kuma ba mai karɓa?" Wani daga ciki ya leƙo ya ce don girman Allah mu rage murya, so muke a zo a kwashe su?

Ta ja ni gefe, ta riƙe mini wuyan hannu da wannan hannun nata na ɗaga gangar kifi. Ta ce, "Saurara. Na kwana ina tunani. Suna a jikin tsohuwa, a wurin nan, ina zai kai? Ke kina da ƙafa. Ki riƙe shi, na kakarki ne, nawa ne, ki fita da shi daga wayar nan. Ni zan ɗauki sabo fil. In Allah ya ba ku 'ya bayan raina, ga sabon sunana nan a ajiye ba mai shi. Kin ga na ci riba biyu. Kifi na sayar, yarinya, ba a cuta ta a ciniki."

Na fashe da kuka. Ta ce in rufe mata baki, ina sa mutane kallonmu.

Reb Anshel ya tambaye ta wane suna take so, ya fara jero mata na matan kirki na cikin Attaura. Ta ce a'a, Roza take so. Tun tana yarinya akwai wata matar mai shagon magani da ke zuwa sayen kifi da hula mai gashin tsuntsu, Roza sunanta, kuma tun lokacin take ƙyashinta. Baba ya ce, "To marigayi Mendel fa? In kin je can da wane suna zai neme ki?" Ta ce, "Wancan? Shekara talatin 'ke' yake ce mini. Zai gane ni."

Aka shiga aka yi addu'a, mu mata muna tsaye a waje muna ji ta tsagar ƙofa. Ta zo wurin nan Bluma, ta koma Roza, tana tafiya tana ɗaga kai kamar hular tana kanta.

Watan da ya biyo baya kam an sha dariya. Dole a yi ta kiranta har sunan ya kama, to duk gidan suka ɗauki aikin. Yara su tsaya a tsakar gida su haɗa baki, "Goggo Roza!" ita kuwa tana wucewa da bokiti ko waiwaye babu. Sai an taɓa ta ta ce, "Au, ni ce fa." In wani ɗan iska ya gwada ta ya ce "Bluma!" ta juyo, sai a kwashe da dariya, ta bi shi da tsintsiya. Baba ya fi kowa. Kullum sai ya biya ta tagarta ya cire hula ya rusuna, "Barka da hutawa, Uwargida Roza, ina gashin tsuntsun?" Ta ce, "Yana nan tare da haƙoranka." Kafin watan ya ƙare ta ƙware. Ko a kunnenta ka yi ihun Bluma, sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga ta can."

Ta fasa farantin, muka ɗaura aure a tsakar gida da la'asar. Mayafin addu'ar marigayi Mendel aka ɗaura a kan sandunan tsintsiya huɗu ya zama rumfa. Zoben kuwa Baba ne ya lanƙwasa daga bakin cokali ya goge shi har yana ƙyalli, ya sayar wa Zalman a kan maɓalli ɗaya, don dole zobe ya zama mallakin ango. Ba wanda zai ba da kofin gilashinsa a taka, sai aka naɗe mataccen ƙwan lantarki a tsumma. Zalman ya ɗaga wannan doguwar ƙafar ya taka, ya yi ƙara kamar bindiga, rabin baƙin suka kwanta a ƙasa. Da suka gane suka tashi suna kaɗe riga suna ihun barka, "Mazal tov!" Matan sama da 'yan masaƙarmu, da suka kusa dambe saboda mu, su suka haɗa ɓawon dankali da garin kofi suka gasa mana abin da suka rantse kek ne. Mun ci, mun yi rawa ba kiɗa, Baba ya ja surukarsa tsakiya da bakin hankici tana zaginsa tana juyi. Ban taɓa farin ciki irin na ranar ba, kuma da yunwa na kwanta.

Na tare a ɗakinsu, muka raba shi da labule. Kullum muna faɗa ni da ita, a kan gishiri, a kan wuta, a kan wa ta bar ƙofa a buɗe. Burodin Zalman kuwa a gabanmu yake cinye shi, mu biyu mun zuba masa ido har loma ta ƙarshe.

Wata safiya bayan sanyi ya sake dawowa, Zalman ya riga ya fita, ina ɗaura ɗankwali zan tafi masaƙa, aka buga ƙofa. Ɗan sandan geto ne, ɗan'uwanmu Bayahude, yaro ne ma, ya kasa ɗaga ido. A lokacin an fara kwasar mutane a jirgin ƙasa, wai aiki a wani wuri, ba kuma wanda ya taɓa dawowa. Ofishinsu bai san abin da aka yi a ɗakin itace ba. A wurinsu ita Bluma Lerer ce, ni ma tunda na yi aure Bluma Lerer ce.

Ya ce, "Bluma Lerer. Ta ɗauki kayanta ta biyo ni."

Na buɗe baki zan amsa. Sai na ji hannun nan a kafaɗata, ta danna ni na zauna a kan gado daɓas.

"Na'am, ni ce," in ji ta. Ta juyo ta harare ni. "Ba ki da kunya? Ana kiran manya kina tashi?"

"Mama, ke ai Roza..."

"Rufe mini baki. Aro na ba ki, yau ina da buƙatar abina." Ta ɗauki ɗankwalinta na Asabar, ta naɗe bargo ta saƙala a hammata. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Romon jiya na kan taga. Ki tsaya a kansa har ya shanye, kin san halinsa."

Ta bi yaron suka sauka, ina jin muryarta a matakala tana ce masa ya rage sauri, ita ba sa'arsa ba ce.

Ni da Zalman mun fita da rai, yadda aka yi kuwa wani dogon zance ne. 'Yarmu ta fari Roza muka sa mata. Har yau ban san wace Blumar aka aiko yaron nan ya tafi da ita ba.